Rahoton da ya kwana a cikin waya

Mun horar da ma'aikatan asibitocin karkara a wata ƙaramar hukumar Jigawa da ke bakin iyakar Nijar, kan yadda za su riƙa kawo rahoton shan inna ta ODK, manhajar cike fom a waya. Cike fom bai ba kowa wahala ba, ɗaukar GPS ma haka, muddin mutum ya fita fili ya ɗan tsaya. Turawa ce ta ci mu, kuma har yau abin yana yi mini ciwo.

A ɗakin taron akwai janareta da intanet mai ƙarfi. Da zarar mutum ya kammala fom, sai fom ɗin ya tafi da kansa. Saboda haka babu wanda ya gane cewa fom ya zauna a waya daban, ya isa hannun hukuma daban. Darasin turawa kuwa jadawali ya jefa shi can ƙarshe, ranar rufewa, lokacin da hankalin kowa ya koma kan kuɗin mota.

Bayan an watse, aka kawo wa wata ma'aikaciya yaro ɗan shekara uku wanda ƙafarsa ta saki kwatsam. Ta yi duk abin da aka koya mata, ta cike fom tsaf. To amma a ƙauyensu sabis ɗin Nijar waya take kamawa, data ba ta aiki. Fom ya yi zamansa. Jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma bai ji labari ba sai a taron ƙarshen wata. Da na tambaye ta, sai ta miƙo mini wayar: "Malam, ai na cike, ga shi nan." Gaskiyarta. Me zan ce mata?

Duk mai wannan aiki ya san ƙa'idar: yaron da bai kai shekara 15 ba, in gaɓarsa ta saki, ana ɗaukar bayan gidansa sau biyu, da tazarar aƙalla awa 24, cikin kwana 14 da fara ciwon, a sa a akwatin ƙanƙara zuwa ɗakin gwaji na Ibadan ko Maiduguri. Kwana 14 ɗin nan sun wuce fom yana cikin waya. Bayan wannan lokaci ƙwayar cutar tana raguwa a bayan gida, don haka ko an gwada ba a gani ba, zuciya ba ta kwanciya. Dole aka bi yaran da yake wasa da su aka ɗauki nasu, aka kuma koma duba ƙafar bayan kwana 60. Man mota, ƙanƙara, lallashin iyaye, duk a kan maɓalli ɗaya da ba a danna ba. Kar wani ya ce ai tun Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da shan inna na asali. Nau'in cVDPV2, wanda ke fitowa daga ƙwayar rigakafi da ta rikiɗe, bai daina ɓullowa a arewa ba, kuma da irin wannan rahoto ake kama shi.

Yanzu da turawa nake farawa. Ina sa a kashe intanet ɗin ɗakin, kowa ya rufe datarsa ya cike fom, ya ga da idonsa yadda yake maƙalewa. Sannan ya fita ya nemi sabis ya tura, kuma ba ya zama sai na ga fom ɗinsa a kwamfutata. Kowa sai ya faɗa mini inda ake samun sabis a yankinsa, ko kan tudu ne ko kasuwar mako. Shan inna, sanƙarau da kwalara kuwa, a fara buga wa jami'i waya, fom ya biyo baya. In waya ta lalace, kada a bar mai gyara ya goge ta sai an tura abin da ke ciki.

Masu shirya taro suna gunaguni wai ina cinye musu rabin yini a kan abu ɗaya. Nakan ce su rage jawabin buɗe taro.