Abin da aikin tallafin karatun yara ya koya mini a Zamfara

Aikina a tsakiya yake. Masu ba da kuɗi suna can ƙasashen waje, yaran suna nan ƙauyukanmu, ni kuma nake kai kaya ina rubuta rahoto. Mai bayarwa da zuciya ɗaya yake bayarwa, Allah Ya saka masa. Sai dai ya fi son abin da zai fito a hoto: jaka, littafi, aji mai sabon fenti.

Amma ba rashin jaka ke hana yarinya zuwa makaranta ba, talla ce. Farantin ƙosai ko fura da take ɗauka da safe shi ke kawo kuɗin cefane, daga cikinsa kuma uwa take tara na kayan ɗaki. In ka ce mata "Inna, a bar ta ta zo aji," za ta ce to, don kunya, gobe kuma ka haɗu da yarinyar a tasha. Ba ƙin boko take yi ba, lissafi take yi, kuma lissafinta daidai ne. Shi ya sa tallafin da na ga ya fi riƙe yara shi ne ɗan kuɗin da ake damƙa wa uwar a hannunta kowane zango, wanda zai cike gurbin ribar tallar. A hannun uwa na ce, ba na maigida ba. Wanda ya yi aikin ya san dalili.

Sai malama mace. Shirin ilimin 'ya'ya mata na GEP3, wanda UNICEF ta gudanar da kuɗin gwamnatin Birtaniya daga 2012 zuwa 2022, har da Zamfara a ciki, ya ɗauki nauyin 'yan matan karkara su yi NCE, wato karatun shaidar malanta, su koma garuruwansu koyarwa. A ganina kuɗin da aka kashe nan ya fi na fenti albarka, don uba ya fi sakin jiki in ya san 'yar wane ce ke gaban allo. Ban ɗaki mai ƙofa ma haka yake ga yarinyar da ta fara girma, ko da yake ba mai son sa hotonsa a rahoto.

Akwai kuma abin da kuɗin waje ba ya saya. Bayan 'yan bindiga sun kwashe ɗalibai mata 279 a makarantar Jangebe a Fabrairun 2021, iyayen da muka daɗe muna lallashi suka janye 'ya'yansu, a Satumba kuma aka rufe makarantun jihar. Wa zai ga laifinsu?

Kowane shiri da ranar ƙarewarsa. Yanzu kafin mu sauke kaya a gari, sai na zauna da hakimi, liman da kwamitin makaranta na SBMC, na tambaye su wa zai ci gaba da biyan malamin sa-kai bayan motarmu ta daina zuwa. In aka yi shiru, shirun nake rubutawa a rahoto, ko da ba zai yi wa na can daɗi ba.