Saƙon godiya: shekara guda da rage mini tumbi

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Godiya ta tabbata ga Allah mai ba da lafiya, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu, sallallahu alaihi wa sallama, da alayensa da sahabbansa.

'Yan uwa da abokan arziki, shekara guda ke nan da aka yi mini tiyatar rage tumbi a Alƙahira. Makon jiya na karɓo sakamakon gwajin jini na cikar shekara, likita ya duba ya ce sai hamdala. Sugan da ya daɗe yana wahalar da ni ya sauka har an tsayar da allurar insulin, an rage mini maganin hawan jini, kuma yanzu goshina na kaiwa ƙasa a sallah ba sai an jawo mini kujera ba. Da yawanku kun ga ina zubewa ba ku san dalili ba, don ban yi shela ba da zan tafi. To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ga dalilin, ga kuma mutanen da ke bina bashin godiya.

Bari in fara gyara wani zance da ke yawo: ba kitse aka zuƙe mini ba. Tumbin ne aka yanke, kusan kashi 80 cikin ɗari, ta wasu 'yan huda ƙanana a ciki, da kyamara, aka bar siriri mai siffar ayaba. A ɓangaren da aka cire ne jiki ke samar da mafi yawan sinadarin da ke tado yunwa, shi ya sa ba wurin zuba abincin kaɗai ya ragu ba, har son cin ma ya ja baya. Aikin bai kai awa biyu ba. Ina gode wa likitan da ya yi shi da ma'aikatan jinyar da suka tashe ni tsaye a ranar suka ce sai na taka, don kada jini ya daskare a ƙafa. Na ji haushinsu a lokacin, yau ina yi musu addu'a.

Yayana da abokan kasuwanci na Kantin Kwari, ku kuka ɗauki nauyin da ya fi ƙarfina. Tun da naira ta karye a 2023 duk mai neman magani a waje ya san yadda zuciya ke bugawa in an doshi Wapa canjin dala. Kun haɗa abin da kuka haɗa, ba wanda ya taɓa tuna mini. Yaran shago sun riƙe amana, na dawo na tarar da littafi daidai. Sai ɗalibanmu 'yan Arewa da ke karatu a Azhar, waɗanda suka tarbe mu a filin jirgi, suka nemo mana masauki, suka yi mana tafinta a gaban likita. Ɗaya daga cikinsu ya kwana a kan kujera a bakin ɗakina alhali yana da jarrabawa a gaba. Allah ya yi wa karatunku albarka.

Amma fa ku sani, aikin Alƙahira shi ne ƙarami. Babban aikin a madafar gidana aka yi shi, kuma uwargida ce ta yi. Tun kafin tafiya ta fara, domin an ɗora ni kan wani tsari na mako biyu don hanta ta motse, likita ya samu hanyar kaiwa ga tumbi: ba tuwo, ba shinkafa, ba mai, ba suga. Bayan tiyata kuma aka bi hawa-hawa. Farko ruwa da tataccen romo, kurɓi-kurɓi. Sai abu mai ɗan kauri irin kindirmo da madara ba suga. Sai markaɗaɗɗe, sai mai laushi. Sai da aka doshi wata biyu kafin in tauna abin da Bahaushe zai yarda ya kira abinci.

Takardar da aka ba mu a Masar cike take da cimarsu ta can. Uwargida ta ɗauki takardar ta je wurin wata masaniyar abinci a nan Kano, suka zauna suka mayar da ita zuwa abin da ake samu a kasuwarmu: awara dafaffiya maimakon soyayya, alale, dafaffen ƙwai, tarwaɗa da aka zare wa ƙaya, farfesun kaza da aka dafa har naman ya saki, zogale, miyar kuɓewa da ta kuka ba a cika mai ba. Ƙa'idar ita ce in samu giram 60 zuwa 80 na furotin, wato sinadarin gina jiki, kullum, kuma shi ake fara ci, ganye ya biyo baya, in da sauran wuri a taɓa tuwo. Galibi babu wurin. In aka ƙi bin wannan, jiki sai ya haɗa da tsoka ya cinye tare da kitsen, mutum ya rame ya kuma rasa ƙarfi. Baiwar Allah nan ta koyi auna abinci da ɗan sikeli, tana girka tukunyar gida ta girka tawa daban, sau biyar ko shida a yini, don ba na iya cin na kirki a zama ɗaya. Ta daina suya in ina gida. Ban taɓa roƙonta hakan ba. Maman yara, Allah ya saka miki da gidan Aljanna, ya jiƙan mahaifanki da suka yi miki tarbiyya.

Ruwa ma sai da ya zama aiki. Ana so in sha lita ɗaya da rabi zuwa biyu a rana, amma ba a kwankwaɗa, ba a haɗa shi da abinci, sai an jira rabin awa bayan an gama ci. Lemon kwalba mai gas kuwa an yi sallama da shi. Autata ce ta karɓi wannan muƙami, tana bina da gora tana cewa, "Abba, lokacin ruwa ya yi." Ko baƙi gare ni ba ta ɗaga mini ƙafa.

Duk da haka, da bazara ta kama gadan-gadan sai amai ya sa ni a gaba, komai na kurɓa ya dawo, har na fara ganin jiri ƙafafuna na yin sanyi. Nan ne na san darajar likitana na gida, wanda ya yarda tun farko zai riƙa bibiyata bayan na dawo. Cikin dare ya sa aka kwantar da ni, kuma kafin a ɗaura mini ruwa mai suga sai da ya sa aka yi mini allurar bitamin B1. Daga baya ya yi mini bayani cewa yawan amai bayan irin wannan tiyata kan ƙarar da B1 cikin 'yan makonni, kuma rashinsa na iya taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, taɓawar da wani lokaci ba ta gyaruwa. Shi ne kuma ya hana ni magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, don suna iya haddasa gyambo a ɗan tumbin da ya rage. Likita, ba ni da abin biyanka. Har mai kemis na unguwarmu ya shiga sahu: in na aiki yaro sayen maganin ciwon baya, farasitamol kawai yake ba shi, ya ce a gaishe da Alhaji.

Yanzu na zo kan Hajiya mahaifiyata, kuma a nan zan ɗan daɗe. Mu mutane ne da ke nuna ƙauna da abinci. Uwa ba ta cewa ɗanta tana son sa, sai dai ta ƙara masa malmala. Tun ina yaro in na side kwano fuskarta ke haske, kuma da na girma na yi jiki ita a wurinta alamar rufin asiri ce. Ranar da na fara zuwa gaishe ta bayan na soma cin abinci, ta sa aka tuƙa tuwon shinkafa da miyar taushe. Na tsinci nama na tauna, na ɗanɗani miya, na wanke hannu. Ta dube ni ta ce, "Yanzu kai wannan ne cinka?" Sai ta kau da kai tana share ido da bakin mayafi. Wallahi duk ciwon tiyatar bai kai mini wannan ba.

Ba ta fahimci zancen furotin ba, kuma ban tsammanin ta yarda da shi har yau. Amma da ƙanwata ta zaunar da ita ta ce mata in na ci fiye da kima zan yi amai ne in galabaita, kuma abu mai zaƙi kan sa ni gumi da bugun zuciya, sai Hajiya ta yi abin da ya fi mata wuya: ta daina cewa in ƙara. Furar da take aiko mini kowace Juma'a tun ina saurayi ta koma kindirmo zalla, a ɗan ƙaramin kwano da ta sa aka sayo musamman. Tsohuwa ta canza ɗabi'ar da ta tsufa a kanta saboda ɗanta. Hajiya, Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, ki ci gaba da sa mana albarka.

Abokan ciyayya na ƙofar gida, ku ma kun yi ƙoƙari. Ni da nake jagoran kwano, sai ga ni da ɗan faranti a gefen tabarma ina tauna loma ɗaya kuna kan ta biyar. Kun yi tsiyarku ta kwana biyu, wadda dama ba makawa, sannan kuka bar ni. Ba ku daina kirana ba, wannan shi ne abin da na riƙe. Mutumin da aka rage wa tumbi in aka daina gayyatarsa wurin ci, an cire shi daga cikin mutane ne. Biyu daga cikinku har sun zama abokan tattakina bayan Asuba, ko da yake ɗaya ya fi zuwa don labari.

Ina gode wa limamin masallacinmu. Azumin bara ya riske ni ban daɗe da tiyata ba, likita ya ce kada in kuskura, ni kuma zuciyata ta ƙi kwanciya. Malam ya karanta mini ayoyin Suratul Baƙara da suka ba marar lafiya rangwame ya rama daga baya, ya ce karɓar sauƙin da Allah ya yi shi ma biyayya ce. Bana likita ya ce za mu duba yiwuwarsa, bisa sharuɗɗan da zai gindaya.

Waɗanda suka yi ta raɗe-raɗi kuwa, na ji komai. An ce ciwon daji ne, an ce wancan ciwon ne da ba a son faɗa, an ce sammu ne, an ce kasuwa ce ta karye. Na yafe, don wasunku tsoro ne ya sa su magana. Telana ma na gode, ya rage kaftanai ya sake ragewa har ya ce gara a yanki sabon yadi.

Masu turo mini saƙo suna tambayar ko su ma su je, ga abin da zan iya faɗa. Tun 1991 ma'aunin da likitoci suka fi bi kafin su yi wannan tiyata shi ne BMI, wato awon nauyin mutum gwargwadon tsayinsa, ya kai 40, ko 35 in akwai ciwo irin suga da hawan jini. A 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin wannan fanni suka sassauto da shi zuwa 35, ko 30 ga mai irin waɗannan cututtuka. Nawa ya haura 40. Likita ne zai auna ya yanke, ba ni ba, ba kuma dillalin asibiti ba. Ku san cewa bitamin, ƙarfen jini, kalsiyam da B12 sun zama abokan zama har ƙarshen rayuwa, da gwajin jini a kai a kai. Gashi kan zube tsakanin wata na uku da na shida kafin ya dawo. Fata tana saki. Ƙwarnafi kan matsa wa wasu, ni ma yana taɓa ni in na kwanta da wuri bayan cin abinci. Saurin rama na iya kawo tsakuwa a matsarmama. Mata ana ce musu su jinkirta ɗaukar ciki shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Ƙibar kuma tana iya dawowa, ta hanyar shayi mai kauri da kunun aya mai suga da duk abin da ke wucewa ba sai an tauna ba. Kada kowa ya hau jirgi sai ya samu likitan da zai riƙe shi a gida, sannan ya zauna da wadda ke masa girki, don da ita za a yi. Hunturun bana kuwa ni da ban san rigar sanyi ba, har da safa nake kwana.

Wanda ya zo dubiya, wanda ya bugo waya, wanda ya yi addu'a daga nesa ban sani ba, da wanda na manta ban ambata ba, a yi mini afuwa. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya ba marasa lafiyarmu na gida da na asibiti sauƙi, ya jiƙan magabatanmu.

Ranar Juma'a mai zuwa bayan La'asar za a yi addu'ar godiya a ƙofar gida, mata kuma a ciki. Akwai tuwo, akwai shinkafa, an kuma yi alkawarin rago. Ku zo ku ci ku ƙoshi, amma don Allah kada wanda ya zo ya tsaya ƙirga mini loma.

Wassalamu alaikum.