Ashe ruwan kifin nan ba ɓacewa yake ba

Wata shida na yi a wata gonar tarwada a bayan Zariya lokacin da makaranta ta tura mu sanin makamar aiki. Tankunan siminti ne, aikina na safe kuwa shi ne in buɗe fayif in saki ruwan da ya yi kore ya fara wari, ya gangara wani rami a bayan katanga, in kunna bohol in cika sabo. Kafin azahar ramin ya tsotse tas, ni har daɗi nake ji wai ƙasa ta shanye mun huta.

Wani dattijo da ke maƙwabtaka da mu ne ya fara zuwa, yace yaro ruwan rijiyata ya canja ɗanɗano, kamar da ɗan gishiri-gishiri. Nace Baba ai ruwanka garau yake, kalle shi fa. Wallahi har yau ina jin kunyar wannan amsar, don mu ɗin muna zuba gishiri a tanki duk lokacin da kifi ya kama ciwo, kuma duk ramin nan yake tafiya.

Gishirin ma da sauƙi tunda harshe na jinsa. Abincin tarwada furotin ɗinsa kan kai kashi 40 ko fiye, kuma mafi yawan sinadarin naitirojin da ke cikin furotin ɗin ba ya zama nama, kifin na fitar da shi a matsayin amoniya ta wurin da yake shaƙar iska a gefen kansa, ga kashi ga ragowar abinci da ya ruɓe a ƙasan tanki. In ruwan ya shiga ƙasa ƙwayoyin bakteriya su maida amoniyar naitirait, daga nan naitiret, shi kuma naitiret ƙasa ba ta riƙe shi kamar yadda take riƙe fosfaras, bin ruwa kawai yake yana nutsewa, balle wurin da yashi ya fi laka yawa irin namu. Ba launi ba wari.

Da malaminmu ya zo duba ni ya tsoma 'yar takardar gwaji a gugan Baba, kalar ta nuna naitiret ya haura miligiram 50 a lita, iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa ruwan sha kenan. Nace to sai a riƙa tafasawa. Yace tafasawar ma ƙara masa ƙarfi take, ruwa ya tashi a tururi naitiret ya zauna, kuma jarirai 'yan ƙasa da wata shida ya fi kamawa, yana hana jininsu ɗaukar iska har leɓe ya yi shuɗi. A gidan Baba akwai mai jego a lokacin.

Mai gona ya yi ta gunaguni kan kuɗi amma dai ya rufe ramin, aka ja fayif ɗin can nesa da rijiyar zuwa wani fili aka dasa ayaba da alayyafo, ruwan ya zama taki. Gidan Baba kuma kullum da safe ni nake tura musu jarka huɗu daga bohol ɗinmu a baro, har ranar da na gama.