Yadda na haɗa Maraɗin tudu da Maraɗin kwari a littafi guda

Shekara biyu ina zana labarin Guguwa, ɗan kabu-kabun da iska ba ta cim masa, ina buga shi a fotokofi ina sayarwa a fadarmu da ƙofar makarantu. A gefe kuma ina da Ƴar Gulbi, yarinyar da ruwa ke jin maganarta, wadda ƙannena mata suka fi so. Ran nan muna shan shayi sai wani abokina ya ce, "Malam, ka haɗa su mana, mu ga wa zai kayar da wani." Daren nan ban runtsa ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne ban zana su a gari ɗaya ba. Guguwa yana yawo kan kwalta da miƙaƙƙun tituna, ita kuwa tana cikin gari mai ganuwa da lunguna a bakin fadama. Sai na tuna dabarar masu zanen Amurka. A 1961, a littafin zane na The Flash lamba 123, wanda Gardner Fox ya rubuta Carmine Infantino ya zana, Barry Allen, jarumin littafin mai gudun walƙiya, ya faɗa duniyar Jay Garrick, jarumin da yake karantawa a littafi tun yana yaro. Duniyoyin biyu wuri ɗaya suke, amma kowace da saurin kaɗawarta, shi ya sa ba sa ganin juna. Wannan ya yi daidai da Guguwa, mai gudu.

Sai dai na yi haɗama. Duniya biyar na ƙirƙira, har da wadda Katsinawa ba su taɓa baro Katsina ba bayan 1807, balle su kafa Maraɗi. Na bambanta su da duhun fensir, wata fara, wata toka-toka, wata mai duhu. Na buga kwafi arba'in a kan dala biyar-biyar kowane shafi, injin ya cinye tokar kaf, duk duniyoyin suka fito fari fat. Yaro ɗan aji shida ya dawo mini da nasa ya ce, "Yaya, wannan Guguwan wane ne a ciki?" Kawuna kuma ya karanta inda na rubuta "wata duniya", ya ɗago kai ya ce, "Kai ɗan nan, lahira kake zanawa ko garin aljanu?" Gaskiyarsa. Bahaushe in ya ji wata duniya, can hankalinsa ke tafiya. Ko kamfanin DC, mai buga The Flash, ma ya sha wannan, don a 1985 zuwa 1986 ya fitar da Crisis on Infinite Earths, littafi 12, ya narkar da duniyoyinsa suka koma ɗaya saboda sababbin masu karatu sun daina gane hanya.

Kakata ce ta warware mini, ba da niyya ba. Na je gaishe ta da zanen a hannu, ta ƙura wa garin Ƴar Gulbi ido ta ce, "Angona, ai wannan tsohon gari ne, kafin ruwa ya ci shi." Tana ƙarama a 1945 lokacin da gulbi ya yi ambaliya ya rusa Maraɗin da ke kwari, Faransawa suka mayar da mutane tudu suka yanka tituna a miƙe. Ta ba ni labarin yadda katangun ƙasa ke zubewa kamar an jiƙa fura, da yadda uwarta ta fito da tukunya ɗaya da tabarma a ka, da rijiyar ƙofar gidansu da ba ta sake gani ba. Tana magana tana shafa takardar da yatsa.

Na koma na yaga uku, na bar biyu: Maraɗin tudu, tamu, da Maraɗin kwari, wadda ruwa bai ci ba. Kalmar duniya ma na cire ta gaba ɗaya. Shafukan kwari na zagaye su da baƙin layi mai kauri na alkalami, wanda ba injin da zai haɗiye, na tudu kuma siririn layi. Na gane in mai karatu ya san ranar da hanyoyin biyu suka rabu, ba ya neman ƙarin bayani.

Faɗan da abokina ya nema shafi biyu kawai na ba shi, don bai da wani nauyi. Inda na zauna shi ne bayan faɗan. Ruwan da bai zo musu a 1945 ba yana tafe yanzu, kuma Guguwa kaɗai ya san abin da ruwan ke yi, don a wajensa tarihi ne. Dole ya ce wa Ƴar Gulbi ta kwashe mutanenta su hau tudu, ita da take alfahari ruwa bai taɓa saɓa mata ba. Na yi kwana huɗu a kan fuskarta a wannan akwatin zanen, ina gogewa ina sakewa, har takarda ta kusa hujewa.

Kwafi sittin na buga wannan karon, cikin mako guda suka ƙare, wasu har Tibiri. Na kai wa kakata nata. Ba ta karanta boko, shafukan masu baƙin layi kawai take buɗewa. Ta tsaya a ɗaya ta ce na sa rijiyar a hagu, alhali a dama take in ka fito daga zaure. Na gyara kafin bugu na biyu.