Tallafin shekara biyu, tambayar shekara ashirin

Tambayar da na shiga bincike da ita ba ta canja ba tun ina ƙaramin malami a jami'a nan Sakkwato: me ya sa yara biyu masu sikila, uwa ɗaya uba ɗaya, wannan kusan kowane wata yana gadon asibiti, wancan kuma sai a shekara ba a ji kukansa ba? Matsalar da suka gada iri ɗaya ce, harafi guda da ya sauya a ƙwayar gado ta HBB. Babban ɓangare na bambancin yana wajen jinin jarirantaka. Ɗan tayi yana amfani da wani nau'in hemogulobin (sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jini) da ake kira HbF, wanda ba ya lanƙwasa ƙwayar jini kamar yadda na masu sikila ke yi. Bayan haihuwa jiki yakan rage shi ya koma na manya, shi ya sa ciwon ba ya cika bayyana sai yaro ya doshi wata 6. Wanda jikinsa ya ci gaba da yin HbF da ɗan yawa yakan samu sauƙi.

Wannan tambaya ce ta tsawon rai, amma babu mai ba ka kuɗin tsawon rai. Shekara ɗaya ne, biyu, in ka yi sa'a biyar.

Da albashina na fara: safar hannu, kwalaben ɗibar jini, kuɗin mota zuwa wani ɗakin gwaji a kudu mai na'urar da ba mu da ita. Da aka kafa TETFund, hukumar gwamnati mai tallafa wa manyan makarantu, a 2011, ƙananan tallafinta da ake nema ta hannun jami'a suka zama numfashin irinmu. Kuɗin ba su isa sayen na'ura ba, amma sun isa in auna HbF na yaran da ke zuwa asibiti, in fitar da takarda mai alƙaluma na gaske. Wasu abokan aiki suna raina irin wannan tallafi, ni kuwa ban ga babban da ya zo ba tare da shi ba. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mai kuɗin waje ba ya tambayar kyawun tunaninka kafin ya ga abin da ka riga ka tara.

A 2007 da 2008 masana a Turai da Amurka suka nuna cewa ƙwayar gado ta BCL11A na cikin masu kashe HbF bayan haihuwa. Nan take fagen ya samu kasuwa. Daga 2012 shirin H3Africa, da kuɗin hukumar binciken lafiya ta Amurka, NIH, da gidauniyar Wellcome Trust ta Ingila, ya fara ba da tallafin nazarin ƙwayoyin gadon 'yan Afirka, da sharaɗin 'yan nahiyar su jagoranta, har aka kafa rumbunan ajiyar samfuri a Najeriya da Yuganda da Afirka ta Kudu. Ko waɗanda ba mu ci wannan tallafi ba mun amfana, domin ya ba mu bakin magana. Kafin lokacin, wata ƙungiyar waje ta taɓa kawo mini yarjejeniyar da rabona a cikinta shi ne in ɗibi jini in aika. Yanzu ba na sa hannu sai an rubuta cewa rabin kowane samfuri zai zauna a Sakkwato, ɗalibina zai je ya koyi aikin da hannunsa, bayanan kuma za su dawo mana.

Sai dai ajiye samfuri a garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40 ba wasa ba ne. Firizar da ke riƙe jini a digiri 80 ƙasa da sifiri, in wuta ta ɗauke na kwana guda ba janareta, aikin shekaru ya tafi. Saboda haka layukan da na fi karewa a kasafi su ne waɗanda babu mai yabo: sola, batura, dizal, da alawus ɗin ma'aikacin da zai fito da tsakar dare ya duba. Masu tantancewa sukan so su yanke su. Nakan rubuta musu shafi guda cur a kan yanayin garin, yawanci su bari.

Canjin kuɗi kuma wata masifa ce dabam. Sinadaranmu da dala ake sayensu, tallafin gida da naira yake zuwa. Da aka saki naira kasuwa ta yanke darajarta a Yunin 2023, dalar da ke wajen naira 460 a hukumance ta haura 1,500 cikin watanni. Na rage yawan yaran da zan gwada, na sayi duk abin da ba ya lalacewa ranar da kuɗi suka shigo.

Dabarar da ta riƙe ni tsakanin tallafi da tallafi ita ce sauya wa tambayar riga ba tare da na sauya ta ba. Ga mai son lafiyar yara, na kira ta binciken shanyewar ɓarin jiki ga masu sikila. Ga mai son ƙwayoyin gado, binciken BCL11A. Yaran dai su ne, littafin rajistarsu ɗaya. Iyayensu ma ba ruwansu da wane ne ya biya. Wata uwa ta tare ni ta ce, "Malam, jinin da kuka ɗiba bara, me kuka gani?" Na ce, "Inna, ki zauna in nuna miki." Tun daga nan nake sa kuɗin taron iyaye a kowane kasafi.

A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da Casgevy, maganin da ke taɓa makunnin BCL11A don HbF ya dawo. Farashinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya. Hydroxyurea, tsohon maganin sha, shi ma yana ɗaga HbF, kuma shi ne mutanenmu za su iya kaiwa gare shi. Takardar neman tallafin da ke kan teburina yanzu a kansa take: wane yaro ne jikinsa ke karɓarsa da kyau, wane ne ba ya karɓa, kuma ko za a iya gane haka daga ƙwayoyin gadonsa kafin uba ya fara kashe kuɗi.