EL34, 6L6GC da KT88 a Amfilifaya Ɗaya: Abin da Kunne da Mita Suka Nuna

Amfilifayar da na yi gwajin da ita mai manyan bawul biyu ce a ƙarshe (bawul kwalbar gilashi ce mai ƙara ƙarfin sigina), wutar faranti, wato ƙarfen cikin bawul da ke karɓar babbar wuta, kusan bolt 450, kuma ana iya saita bayas ɗinta, wato yawan wutar da bawul ke ja lokacin da babu sauti. Na zuba mata bawul iri uku, EL34, sannan 6L6GC, sannan KT88, lasifika ɗaya, waƙoƙi uku da kunnena ya haddace.

Kafin a cusa kowace bawul, sai a duba soket. Ƙafa takwas ce duka, amma a EL34 ƙafa ta 1 tana da aiki, dole a haɗa ta da ƙafa ta 8. Yawancin amfilifayoyin da aka ƙera don 6L6, musamman na kamfanin Fender, suna amfani da ƙafa ta 1 a matsayin wurin ɗaura wata waya, don haka cusa EL34 kai tsaye ɓarna ce. Sai hita, wayar da ke ɗumama bawul: 6L6GC na shan amfiya 0.9, EL34 na shan 1.5, KT88 kuma 1.6. Idan taransifoma ba ta da wannan ƙarfin, za ta yi zafi har ta ƙone. Kuma ko an kashe wuta, manyan kwandensa suna riƙe da cajin da zai iya kashe mutum. Nakan sauke shi ta resista, in auna da mita, kafin yatsa ya shiga ciki.

Na saka resista mai om 1 tsakanin ƙafa ta 8 da wayar ƙasa a kowace soket, ta yadda milibolt ɗin da mita ta nuna shi ne miliamfiya. EL34 tana jure wat 25 a faranti. Kashi 70 cikin ɗari na wannan, a raba da 450, ya ba da kusan miliamfiya 39. 6L6GC mai wat 30 ta tsaya wajen 46. Zagayen farko na yi shi a banza, domin na sauya bawul ban sake saita bayas ba. 6L6GC ta gaji saitin EL34, ta ja wuta fiye da ƙima, farantinta ya fara ja kamar garwashi. Wutar gari ma tana wasa da bayas, shi ya sa na koma aunawa bayan minti 20 da kunnawa, ta bayan sitabilaiza.

Abin da ya fi ba ni darasi shi ne daidaita ƙara. Kunne maƙaryaci ne: wadda ta ɗan fi ƙara ita zai ce ta fi daɗi. Na cire lasifika na sa resista mai om 8 a madadinta (kada a taɓa kunna irin wannan amfilifaya ba lasifika ko resista a bakinta, taransifomar fita ce za ta tafi), na tura sautin gwaji na hez 1000, na saita kowace bawul ta ba da bolt 2.83, wato wat ɗaya. Da na yi haka, rabin bambancin da nake rantsuwa na ji ya ɓace.

Sauran rabin yana fitowa ne idan an matsa wa bawul ɗin da ƙara. EL34 tana saurin karyewa, muryar tsakiya ta taso gaba da ɗan kaushi, irin amon da aka san amfilifayoyin gita na Marshall da shi. 6L6GC ta fi daɗewa tana tsabta, sautin ƙasanta a ɗaure, na samanta garau. KT88 kuwa ba ta ko gezau, ganga tana dukan ƙirji ba ta narke ba. Don sauraron kiɗa a ɗaki ita na fi so, don gita kuma EL34.

Daga baya na taɓa ƙaramar bawul ta farko, wadda sigina ke fara shiga. 12AX7 tana ninka sigina sau 100, 5751 sau 70, 12AT7 sau 60. Sauya 12AX7 da 5751 ya rage tsiwar sauti da shuuu ɗin bango fiye da duk abin da manyan bawul suka yi, ba kuma sai an saita bayas ba. Idan ka ƙwanƙwasa ƙaramar bawul ɗin da bayan fensir ka ji ƙararrawa a lasifika, ta lalace, a mayar da ita wani gurbi ko a jefar.