Sarakunan Araukaniya: Gadon Sarautar da Ba Ta da Ƙasa

Tun ina yaro nake da sha'awar jerin sunayen sarakuna, kuma na san inda na samo wannan sha'awa. Akwai wani tsohon maroƙi da yakan zo unguwarmu duk ranar sallah, ya tsaya a ƙofar gidan mai unguwa da kalangunsa a hammata, ya shiga jero sarakunan garinmu tun daga na farko: wane ya haifi wane, wane ya yi shekara kaza bisa karaga, wane aka tuɓe, wane ya kwanta dama a fagen fama. Idan ya tsallake suna, sai wani dattijo daga kan tabarma ya ɗaga murya ya ce, "Kai, ka bar ɗaya," shi kuwa ya koma baya ya gyara ba tare da ya ji haushi ba. A wancan lokaci na ɗauka cewa duk jerin da za a iya kawowa daki-daki haka, lallai akwai gari a bayansa, da ganuwa da kasuwa da talakawa masu biyan haraji. Sai da na girma na ci karo da wani jeri mai sunaye takwas, wanda ya faro daga 1860 ya kai 2018 ba tare da giɓi ba, alhali in ban da na farkon babu wanda a cikinsu ya taɓa zartar da hukunci ko da a ƙauye ɗaya. Wannan shi ne jerin sarakunan masarautar Araukaniya da Patagoniya, masarautar da wani lauya Bafaranshe ya ƙago a kudancin nahiyar Amurka ta Kudu.

Sunan lauyan Orélie-Antoine de Tounens. An haife shi a 1825 a ƙauyen Chourgnac da ke yankin Dordogne na Faransa, a gidan manoma, kuma ya yi aikin lauya a birnin Périgueux kafin ya sayar da ofishinsa ya hau jirgin ruwa. Ya sauka a ƙasar Chile a 1858, ya yi kusan shekara biyu tsakanin Valparaíso da Santiago yana koyon Sifaniyanci yana neman hanya, sannan ya nausa kudu ya ƙetare kogin Biobío ya shiga ƙasar al'ummar Mapuche.

Kafin a yi masa dariya, ya kamata a san ƙasar da ya shiga, domin hujjarsa ta shari'a tana da ƙafa. Mutanen Mapuche sun gagari Sifaniyawa tun zuwansu. Sun kashe gwamna Pedro de Valdivia a 1553, suka sake kashe wani gwamnan a yaƙin Curalaba a 1598, sannan suka rusa garuruwan da Sifaniyawa suka gina a kudu da Biobío. A 1641 aka zauna taron sulhu a Quilín, inda Sifaniya ta amince da kogin a matsayin iyaka. Da Chile ta sami 'yancin kanta, sai ta riƙa zana wannan yanki a cikin taswirarta, amma a zahiri ba ta da alƙali ko mai karɓar haraji a cikinsa. Tounens ya kafa hujja da cewa abin da Sifaniya ba ta taɓa mallaka ba, Chile ba za ta ce ta gada daga gare ta ba, don haka mutanen ƙasar suna da ikon su zaɓi irin mulkin da suke so. Rabin farko na wannan magana gaskiya ne tsantsa. Inda ya yi zamiya shi ne da ya ɗauka cewa abin da suke so shi ne shi kansa, da 'ya'yansa da jikokinsa bayansa.

A ranar 17 ga Nuwamba, 1860, ya sa hannu a takardar da ta ayyana Araukaniya, wato wannan ƙasa ta Mapuche, a matsayin masarauta mai tsarin mulki, wadda ake gadon sarautarta, ya kira kansa Orélie-Antoine na Ɗaya. Bayan kwana uku ya fitar da wata takardar ya haɗa da Patagoniya baki ɗaya, wato ƙasa mai faɗin da ya ninka na Faransa, wadda bai ko leƙa ba. Ya tsara tuta mai launin shuɗi da fari da kore, ya rubuta kundin mulki mai majalisu, ya aika wa hukumomin Chile sanarwa a lokacin shugaba Manuel Montt, kamar yadda sabon sarki yake sanar da maƙwabcinsa cewa ya hau gado.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a duk labarin shi ne cewa wasu shugabannin Mapuche sun saurare shi da gaske, musamman Quilapán, ɗan babban shugaba Mañil wanda ya rasu a daidai wannan lokaci. Su ba yara ba ne, kuma sun ga Turawa iri-iri. Sun san cewa Chile tana shirin tura sojoji da baƙin manoma cikin ƙasarsu, ga kuma wani Bature ya zo yana maganar bindigogi da jiragen ruwa da goyon bayan Faransa, a zamanin da Napoleon na Uku yake tsoma hannu a al'amuran ƙasashe masu nisa, har ya kai ga tura sojoji Meziko. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Sannan a tsarinsu kowane yanki yana da shugabansa da suke kira lonko, idan kuma yaƙi ya taso sai su taru su zaɓi jagoran yaƙi, toki, wanda ikonsa yake ƙarewa da ƙarewar yaƙin. A ganina, abin da suka yi niyyar ba shi bai wuce irin wannan matsayi ba, na ɗan lokaci kuma bisa sharaɗin ya kawo abin da ya yi alkawari. Shi kuwa ya ji kalmar da kunnen mutumin da ya tashi da tarihin sarakunan Faransa, ya fassara ta da gadon sarauta na har abada. Tun daga ranar farko, sarki da waɗanda ake cewa talakawansa ba abu ɗaya suke nufi ba.

Bai daɗe ba. A watan Janairu na 1862 wani daga cikin masu yi masa hidima ya tsegunta wa hukumomin Chile, aka kama shi aka tsare a garin Los Ángeles na ƙasar. Kotu ta yanke cewa yana da taɓin hankali, aka kai shi gidan mahaukata a Santiago, daga nan jami'in jakadancin Faransa ya fito da shi aka sa shi a jirgi zuwa gida. Hukuncin ya yi wa gwamnati daɗi ta fuska biyu, domin ya rage mata rigimar kashe ɗan Faransa, kuma ya mayar da tambayar da ya tayar game da 'yancin Mapuche ta zama sambatun mahaukaci. Ya sake komawa a 1869 ya zauna har 1871, ya gwada a 1874 aka gane shi a Ajantina aka mayar da shi, ya kuma gwada a 1876 ciwo ya kayar da shi. Ya rasu a ƙauyen Tourtoirac ranar 17 ga Satumba, 1878, cikin talauci, bai bar ɗa ko 'ya ba. A jikin dutsen kabarinsa an rubuta cewa nan ne makwancin sarkin Araukaniya da Patagoniya.

A daidai shekarun da yake kai da komo, ƙasar da yake iƙirari tana ta zamewa daga hannun masu ita. Zuwansa ma ya ba masu neman mamaya a Santiago ƙarin hujja, cewa idan ba su yi sauri ba wata ƙasar Turai za ta riga su. Kanar Cornelio Saavedra ya fara matsar da iyaka kudu tun 1861 yana gina sansanoni, aka kafa Temuco a 1881, aka kammala mamayar a 1883 da kama Villarrica. A ɗaya gefen tsaunukan Andes kuma, Janar Julio Argentino Roca na Ajantina ya jagoranci yaƙi da 'yan asalin ƙasar, wanda suka kira cin hamada, wanda ya gudana tsakanin 1878 da 1885. Aka tattara Mapuche na Chile a ƙananan filaye da jimillarsu ba ta wuce kimanin hekta 500,000 ba, sauran aka raba wa baƙi.

Ga al'ada, nan ya kamata jerin ya tsaya, tunda babu ƙasa kuma babu magaji. Amma daga nan ne ma ya fara tafiya sumul. Wani abokin marigayin, Achille Laviarde, mutumin birnin Reims, ya fito da wasiyya ya ce shi aka bar wa, ya zama Achille na Ɗaya. Bai taɓa taka Araukaniya ba, fadarsa kuwa ɗakunan shaƙatawa ne na Paris, inda ya shahara da rabon muƙamai da lambobin girma ga masu sha'awarsu. Da ya rasu a 1902, sai sarautar ta koma hannun wani likita, Antoine-Hippolyte Cros, da sunan Antoine na Biyu, wanda shekara ɗaya kawai ya yi. Jerin ya nuna cewa 'yarsa Laure-Thérèse ta gaje shi daga 1903 zuwa 1916, ɗanta Jacques-Antoine Bernard kuma ya biyo baya da sunan Antoine na Uku. Waɗannan biyun su ne kaɗai a duk jerin suka karɓa ta hanyar jini, a masarautar da aka kafa musamman domin a riƙa gadonta.

A 1951 aka ce Bernard ya yi murabus ya miƙa wa Philippe Boiry, wani matashi ɗan jarida da ya ƙware a harkar hulɗa da jama'a. Shi ne ya fi kowa daɗewa, domin ya riƙe laƙabin fiye da shekara 60, kuma shi ne ya ba wa abin siffar da yake da ita yau, da majalisu da bukukuwa da gidan adana kayan tarihi a Dordogne. Ya zaɓi a kira shi Yarima Philippe maimakon sarki, ya kuma riƙa gabatar da kansa a matsayin mai magana da yawun Mapuche a Turai. Na yi ƙoƙarin yi masa adalci a raina, domin duk wanda ya tuna wa duniya da mutanen da aka ƙwace wa ƙasa ya yi wani abu, kuma akwai 'yan Mapuche mazauna Turai da suka ga amfanin haɗa kai da shi. Sai dai mutanen da a ƙidayar Chile ta 2017 yawansu ya kai kimanin miliyan 1.7, masu shugabanninsu da ƙungiyoyinsu da lauyoyinsu, ba su rasa bakin magana ba har da za a ce sai wani daga Dordogne ya ara musu nasa.

A nan ne na tuna da namu sarakunan da suka rasa birni amma ba su rasa sarauta ba. Lokacin jihadi, Sarkin Zazzau Makau ya bar Zariya ya yi kudu, zuriyar gidansu ta kafa Abuja ta asali wadda ake kira Suleja yanzu, kuma har gobe sarkinta Sarkin Zazzau ake ce masa. Haka sarakunan Katsina na Haɓe suka koma Maraɗi da laƙabin Sarkin Katsina. Wanda bai duba da kyau ba zai ce ai duk ɗaya ne da na Araukaniya, laƙabin wuri a bakin wanda ba ya zaune a wurin. Amma waɗancan sun fita da jama'arsu, da tamburansu da masu zaɓen sarkinsu da mayaƙansu, suka sauka a wata ƙasa suka ci gaba da yanke shari'a da karɓar gaisuwa, kuma idan sarki ya rasu akwai dubban mutane da zaɓen magajinsa zai shafi gonarsu da kasuwarsu. Laviarde da waɗanda suka biyo shi takarda kawai suka gada, da hatimi da tuta. Wataƙila ma shi ya sa jerinsu ya fi na kowace masarauta ta gaskiya tsafta, babu yaƙin basasa, babu wanda aka tuɓe da ƙarfi, tunda babu haraji ko ƙasar noma da za a yi faɗa a kai.

Duk da haka, ko karagar takarda ba ta tsira daga rikicin gado ba. Da Boiry ya rasu a watan Janairu na 2014 ba tare da ɗa ba, majalisar riƙon ƙwarya ta masarautar, wato masu zaɓen sarkinsu, ta zaɓi Jean-Michel Parasiliti di Para da sunan Antoine na Huɗu. Wani ɓangare na mabiya ya ƙi amincewa, ya tsayar da wani saurayi nasa, aka shiga musayar takardu da zargin juna, kowane gefe yana kafa hujja da wasiyya da sassan kundin mulki, da irin zafin da muka sani a gidajen sarautarmu idan gado ya faɗi. Antoine na Huɗu bai cika shekara huɗu ba ya rasu a ƙarshen 2017, majalisar ta sake zama a 2018 ta zaɓi Frédéric Luz, masanin zanen tambarin gidajen sarauta, ya zama na takwas a jerin. An yi zaɓen a Faransa, nisan fiye da kilomita 11,000 daga kogin Biobío.